Famfon da ba ya ƙara, ba ya juyawa: ina yake kai iskar da ya zuƙa?

Auwalu Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga malaman fiziks da injiniyoyin gidan nan. Sana'ata gyaran na'urorin asibiti, kuma makon jiya na raka wani injiniya da aka turo ya duba injin gashin ciwon daji. Da aka cire murfi sai ya nuna mini wani ɗan akwatin ƙarfe da bai kai bulo girma ba, manne da bututun da ilektiron, wato 'yan ƙwayoyin lantarki, ke gudu a cikinsa. Baƙin maganaɗisu ya rungume shi ta gefe biyu, ga waya guda ɗaya mai kauri ta shiga jikinsa. Ya ce mini wannan famfo ne, shi ke zuƙe iskar cikin bututun. Na kasa kunne, shiru. Na matso da bayan hannuna kusa, ko motsi ba ya yi. Na zagaya ina neman inda iskar ke fita, babu ko ƙofa. Ni dai famfon da na sani, daga na rijiyar burtsatse har na ba taya iska, nan yake ɗauka ya zubar can. Shi wannan ina yake kai tasa? Injiniyan yana sauri, ban samu na tsare shi da tambaya ba.

Malam Isuhu Zariya:
Wa alaikumus salam Auwalu. Idonka ya ga daidai, babu mafita. Famfon ayon ake ce masa, kuma ba ya fitar da iska ko'ina. Binne ta yake yi a cikin jikinsa, ta zama wani ɓangare na ƙarfen.

Kafin ka ce ta yaya ɗan akwati zai haɗiye iskar bututu guda, ka fara sanin cewa ba a kunna shi sai an riga an kwashe kusan duk iskar da wasu famfunan. Iskar da muke shaƙa matsinta ya kai miliba 1013. Shi kuwa sai an sauko wajen 10⁻⁵, wato kashi ɗaya cikin dubu ɗari na miliba guda, sannan ake ba shi wuta. Daga nan yake ɗauka, idan komai ya yi kyau ya kai har 10⁻¹¹. Abin da ya rage masa ya ci ɗan kaɗan ne ƙwarai, amma shi ne mafi wuyar kamawa.

Hadiza Gombe:
Malam, a gafarce ni, ni ɗaliba ce a aji biyu. Idan an riga an kwashe kashi 99.999 da ɗoriya, me ya rage da har za a damu da shi?

Malam Isuhu Zariya:
'Yata, tambayarki ita ce gindin maganar. Ki ɗauki wuri kamar ƙwayar sukari mai kusurwa, santimita ɗaya ta kowane gefe. A iskar ɗakinki, ƙwayoyin iskar da ke cikin wannan ɗan wuri sun kai 25 da sifiri goma sha takwas a bayanta. Ko an sauko 10⁻⁹ miliba, akwai sauran kusan miliyan 25 a wurin. Bambancin shi ne tafiyar da ƙwaya ɗaya za ta yi kafin ta yi karo da 'yar uwarta. A ɗakinki ba ta kai ko kaurin gashi ba, nesa ba kusa ba. A 10⁻⁹ kuwa sai ta yi tafiyar kilomita sittin da wani abu ba ta gamu da kowa ba. Wanda ke son harba ilektiron ta cikin bututu ta isa inda aka nufa, wannan sararin yake nema.

Bilkisu a Jamus:
Sannunku da muhawara. Yaya Auwalu, da irin wannan famfon nake kwana nake tashi a ɗakin bincikenmu, bari in buɗe maka cikinsa kamar yadda na gan shi ranar da muka kwance wani tsoho.

Idan ka yanka akwatin za ka tarar da gajerun bututu na ƙarfen da ba ya tsatsa an jera su gefe da gefe, kamar saƙar zuma. Sama da su akwai faranti, ƙasa da su akwai faranti, dukansu na wani ƙarfe mai suna taitaniyam, kuma ba sa taɓa saƙar. Wannan waya mai kauri da ka gani wutar bolt 3,000 zuwa 7,000 take kai wa saƙar zuman. Maganaɗisun da ke waje kuma ƙarfinsa na ratsawa ta tsawon kowane bututu, daga wannan faranti zuwa wancan. Shi ke nan kayan cikinsa. Ba fanka, ba mai, ba boris.

Aikin kuwa ga yadda yake. Ilektiron da ta samu kanta a cikin ɗaya daga bututun nan, wutar tana janta zuwa bango. Da babu maganaɗisu, nan take za ta faɗa bangon a wuce wurin. Amma maganaɗisun ba ya barinta ta miƙe, sai ya sa ta yi ta kewaya kamar guguwa. Idan ta nufi faranti na sama ya koro ta, ta nufi na ƙasa shi ma ya koro ta. Sai ta zama fursuna, tana ta zagaye a ɗan wuri, tafiyarta ta yi tsawo ƙwarai. Dalilin wahalar da ita haka shi ne ƙwayoyin iskar sun yi ƙaranci, in ba ta daɗe tana yawo ba ba za ta gamu da ko ɗaya ba. Ranar da ta bugi wata, sai ta fizge mata ilektiron guda. Ƙwayar da aka yi wa wannan fizgar ita ce ayon, kuma yanzu tana da caji. Ilektiron ɗin da aka fizgo ta shiga cikin masu zagaye, taron ya ƙaru.

Ita ayon tana da nauyi, maganaɗisun bai iya lanƙwasa ta sosai. Wutar sai ta wurga ta da ƙarfi ta je ta daki farantin taitaniyam. Abu biyu ke faruwa a wannan dukan. Na farko, ita kanta tana iya nutsewa cikin ƙarfen. Na biyu, kuma shi ne babba, dukan yana fallatso ƙwayoyin taitaniyam, kamar yadda jifa cikin taɓo ke fallatsa shi jikin bango. Su je su manne a jikin saƙar zuman su yi sabon shafe. Taitaniyam sabo fil, wanda iska ba ta taɓa ba, mayunwaci ne. Oksijin ta taɓa shi ya riƙe, naiturojin ta taɓa shi ya riƙe, su haɗe su zama abu mai tauri. Kafin a jima wani shafen ya hau kai ya rufe. Haka ake ta yi, shafe kan shafe.

Tsohon da muka kwance, farantinsa duk ya yi ramuka, rami ɗaya daidai tsakiyar kowane bututu, kamar an ɗiɗɗiga masa ruwa shekara da shekaru. Cikin saƙar kuma ya yi baƙi-baƙi yana ɓarewa kamar tsohon fenti. Wannan ɓawon shi ne iskar da ya ci tsawon rayuwarsa.

Auwalu Fagge:
Allahu akbar. Wato iskar ta koma ƙarfe kenan. Allah ya ƙara basira ƙanwata, na gani kamar a gabana aka kwance shi.

Mamman Maraɗi:
Ni fa ina da ja. Na yi shekaru ina aikin famfunan ban ruwa, kuma a ganina wannan abu ba famfo ba ne, an dai ba shi sunan da ba nasa ba. Famfo yana da mashiga da mafita. Abin da ke haɗiyewa ya riƙe a cikinsa soso ne, ko tarko. Kuma ba gardamar suna kawai nake ba. Duk abin da ke ci ba ya fitarwa, wata rana zai ƙoshi. In ya ƙoshi fa? Injin asibitin da Auwalu ya gani sai ya tsaya ana tsakiyar yi wa mara lafiya magani?

Malam Isuhu Zariya:
Malam Mamman, rabin maganarka na karɓa. Su kansu masu fannin sun raba famfunan gida biyu, masu turawa waje da masu kamawa su riƙe, kuma wannan yana gida na biyu. In ka kira shi tarko ba ka yi ƙarya ba. Kuma gaskiya ne yana ƙarewa. Sai dai yawanci ba ƙoshi ke kashe shi ba, farantin ne ke cinyewa, waɗannan ramukan da Bilkisu ta faɗa su huda shi.

Inda na rabu da kai shi ne tsoron da kake yi. Masu ƙera shi suna ba irin na gama-gari kimanin awa 50,000 idan yana aiki a 10⁻⁶ miliba, wato shekara biyar da watanni. Kuma lissafin yana bin matsin ne. Ka rage matsin sau goma, kwanansa ya ninka sau goma, domin dukan da farantin ke sha ya ragu. A 10⁻⁸ sai dai wani abin ya lalace, ba farantin ba. Amma ka juya lissafin ka gani: wanda ya bar shi yana fama a 10⁻⁴, cikin awa 500 ya gama da shi, mako uku kenan. Saboda haka ba ya mutuwar fuju'a. Wanda ya kashe shi da wuri, shi ya ɗora masa kayan da ba nasa ba.

Mamman Maraɗi:
To na ji wannan. Amma ta ina mai kula da shi zai san halin da yake ciki, tunda ba ya ƙara ba ya zafi? Ni da kunne nake gane famfona ya fara gajiya.

Bilkisu a Jamus:
Baba Mamman, nan ne abin ya fi burge ni. Shi da kansa yake faɗa. Kowace ayon da ta daki faranti ɗan lantarki ne ya wuce ta wayar. Iska ta yi yawa, dukan ya yi yawa, wutar da yake ja ta hau. Iska ta ragu, ta sauka. Don haka akwatin da ke ba shi wuta yana nuna maka lamba, kuma wannan lambar ita ce ma'aunin iskar da ta rage. Kunnenka ya koma ido kenan.

Asalinsa ma daga ma'auni ya fito. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Frans Penning, da ke aiki a kamfanin Philips, shi ya fito da wannan dabara ta tsare ilektiron da wuta da maganaɗisu, a 1937 ya yi ma'aunin matsi da ita. Sai aka lura ma'aunin yana da wani aibi, yana cin iskar da aka sa shi ya auna. Shekara ashirin bayan haka, a 1957, a kamfanin Varian da ke Kalifoniya ta Amurka, Robert Jepsen da Lewis Hall da John Helmer suka ɗauki wannan aibin suka mai da shi sana'a. Suka jera ɗakunan Penning, wato gajerun bututun nan, da yawa wuri guda, suka sa faranti na taitaniyam. Abin da ya tura su shi ne kamfanin na ƙera manyan kwalaben da ke samar da igiyar rada, kuma famfunan wancan zamani masu aiki da mai suna barin tururin mai yana komawa ciki yana ɓata musu kaya.

Gargaɗi ɗaya dai: in famfon ya tsufa, ɓawon nan na iya yin 'yan tsinaye da wuta ke zurara ta kansu, sai lambar ta nuna iska ta fi yadda take. Shi ya sa a wajenmu ba ma dogara da shi kaɗai, akwai wani ma'aunin a gefe.

Hadiza Gombe:
Anti Bilkisu, kin ce taitaniyam yana haɗewa da oksijin da naiturojin. To a aji an koya mana akwai iskar da ba ta haɗuwa da komai, irin su argon da hiliyam. Su yaya yake yi da su?

Bilkisu a Jamus:
Hadiza, kin taɓo inda ke masa ciwo. Argon kusan kashi 1 cikin 100 ne na iskar duniya, kuma ba ruwansa da taitaniyam. Hanya ɗaya ce, a harba shi ya nutse cikin faranti. Matsalar ita ce wurin da ya nutse nan ne ake ci gaba da duka ana fallatsawa. Yau ka binne, gobe ka tone da hannunka. Shi ya sa saurin da famfo na gama-gari ke cin argon bai kai kashi 5 cikin 100 na yadda yake cin naiturojin ba.

Na ga wannan da idona. Muna wanke fuskar samfur da argon, a harba masa shi ya kankare dattin sama. Ƙa'ida ita ce a rufe bawul ɗin da ke tsakanin famfon ayon da ɗakin, wato akwatin ƙarfen da samfurin ke ciki, kafin a saki argon. Wata rana wani abokin aikinmu ya manta bai rufe ba, famfon ya sha argon na kusan awa guda. Da farko kamar ba abin da ya faru. Washegari na zo na duba zanen matsin a kwamfuta, sai na ga layin ya zama haƙoran zarto. Ya sauka a hankali, can sai ya yi tsalle sama, ya sake sauka, ya sake tsalle. Famfon ne ke amayar da argon ɗin yana sake haɗiyewa. Kwana da kwanaki muna janye shi da wani famfon kafin layin ya kwanta, aikin mako guda ya tafi.

Maganin da aka samo yana da daɗin ji. Sai a canza faranti ɗaya a sa na wani ƙarfe mai suna tantalam. Nauyin ƙwayar argon 40 ne, ta taitaniyam 48, ta tantalam 181. Ki tuna teburin sunuka: ƙwallo ya bugi ɗan uwansa mai nauyi irin nasa, sai ya mutu a wurin. Ya bugi abin da ya fi shi nauyi nesa, sai ya dawo da ƙarfinsa. Haka argon ke yi a kan tantalam, ya yi tsalle ya dawo, cajinsa ya tafi, ya je ya nutse a jikin saƙar zuman inda ba a tonawa, shafe kawai ake yi. Nan kabarinsa ke tabbata. Irin wannan famfon yana kai wajen kashi 20.

Malam Isuhu Zariya:
In ƙara da haidurojin, tunda ita ce ke saura a ƙarshe. Ba ta da nauyin da za ta fallatsa komai, amma taitaniyam yana shanye ta kamar yadda busasshiyar ƙasa ke shan ruwa, ta ratsa can ciki. Kuma mafi yawanta daga jikin ƙarfen ɗakin take fitowa, ba daga waje ba.

Salisu Jos:
Duk na karanta, kuma ina godiya. Amma bari in kawo maganar gida. Ni ina kula da kayan ɗakin gwaji a wata makaranta. In da za a ba ni kuɗin famfo ɗaya, wallahi tarbo zan saya, mai farfelar nan da ke juyi dubun dubata a minti. Yana cin argon, yana cin komai, yana turawa waje, ba ya ƙoshi. Na ayon kuwa ba ya ma tashi sai wani ya share masa hanya. Ga tsada, ga nauyin maganaɗisu. Me zai sa talaka ya sayi abin da bai iya tsayawa da ƙafarsa?

Malam Isuhu Zariya:
Salisu, in ɗaya tak za ka saya kuma kullum kana buɗe ɗakin kana sa samfur kana cirewa, ina bayanka, tarbo ne naka. Amma shi ma ka tuna bai tsaya da ƙafarsa ba, sai da wani famfon a bayansa yana kwashe abin da ya turo.

Ka yi tunanin abin da ya fi damunmu, ɗaukewar wuta. Tarbo ƙofa ce a buɗe tsakanin ɗakinka da waje, gudun farfelar ne kawai ke tare ta. Wuta ta tafi, farfela ta lafa, in babu bawul mai rufe kansa iska ta dawo, wani lokaci har da tururin man famfon baya. Na ayon kuwa tulu ne mai baki ɗaya. Wuta ta tafi, ya daina ci, amma ba ta inda iskar waje za ta shigo. Abin da zai taru sai wanda bangon ke saki a hankali. Sannan ka duba cinsa. In ɗaki ya yi tsaf, famfon na iya jan kashi goma kacal cikin miliyan na ampiya guda a bolt 5,000. Ka buga, bai wuce 0.05 na wat ba. Akwatin wutarsa ma ya fi shi ci. Batir da inbata mai kyau za su riƙe shi kwana da yini. Ga wurin da ake rufewa a bar shi shekaru, irin bututun da Auwalu ya gani, ban san abin da ya fi shi dacewa da halinmu ba.

Salisu Jos:
Maganar batir ɗin ta shige ni, Malam. Amma ban sauka gaba ɗaya ba. In ya lalace a nan wa zai gyara? Tarbo aƙalla ana canza masa boris.

Bilkisu a Jamus:
Yaya Salisu, boris ɗin tarbo ma ba a bakin titi ake canza shi ba, yawanci sai an mayar wa masu shi. Na ayon abin da ke lalacewa kaɗan ne, kuma ana zare saƙar da farantan a sa sababbi. Abin da na fi ji muku tsoro shi ne tsabta. Shatin yatsa ɗaya a cikin ɗakin zai yi ta fitar da tururi kwanaki. Mu da safar hannu muke taɓa komai, mahaɗar bututu kuma ba roba ake sa mata ba, zoben jan ƙarfe ne da ake matsewa har bakin ƙarfen ya nutse cikinsa, kuma sau ɗaya ake amfani da shi. Bayan an rufe sai a naɗe na'urar duka da wayoyin zafi da takardar alminiyam, a gasa ta a digiri 150 zuwa 200 kwana biyu, don ruwan da ya manne a bango ya fita tarbo ya kwashe. Sai an yi wannan ake miƙa wa na ayon. Ranar da za ku buɗe irin wannan na'ura da hunturu, ƙura na tashi, ku rufe tagogi ku shirya komai a hannu kafin ku kwance ƙusa ta farko.

Kuma ba don ƙawa manyan wurare ke amfani da shi ba. Madubin ilektiron da ke ganin ƙwayar zarra, rawar farfela kaɗan za ta ɓata masa hoto, shi ya sa wajen bindigarsa na ayon ake sawa. A CERN, cibiyar binciken fiziks ta Turai, zoben nan na harba ƙwayoyi mai kilomita 27 da ke kan iyakar Faransa da Suwizalan, akwai su jere a sassan da ba a sanyaya ba. Har agogon siziyam da ake saita lokacin duniya da shi yana da ɗan ƙarami a ciki.

Mamman Maraɗi:
Na yarda yana aiki, kuma na yarda ba zai tsaya rana tsaka ba. Sunan dai ina nan kan bakana, tarko ne. Auwalu, shawara ɗaya daga mai aikin wuta: bolt 5,000 ba abin wasa ba ne. Kada ka zare wayar nan sai ka kashe akwatin ka ba shi lokaci ya sauke, kuma ka tabbata wayar ƙasa tana ɗaure.

Bilkisu a Jamus:
Gaskiyar Baba Mamman. Ka kuma kula da maganaɗisun, yana fizgar sifana daga hannu ya matse yatsa, kuma mai na'urar bugun zuciya a ƙirji kada ya matso kusa.

Auwalu Fagge:
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Yau na koma wurin da littafina. Yanzu na gane abin da ya sa injiniyan ya yi ta nanata cewa ko an tashi aiki kada a kashe babban makunnin injin, a bar shi a kan jiran aiki. Na nemo inda ake karanta wutar da famfon ke ja, na rubuta ta safe, na rubuta ta yamma, kuma na ce wa abokin aikina mu riƙa yi kullum a shafi guda don mu ga ranar da za ta fara hawa. Gobe zan bi layin wutar in ga ko akwatin famfon yana kan batir ko kuwa janareta kaɗai yake jira. Malam Isuhu, in na samo lambobin mako guda zan turo maka ka duba mini.